Girar da Zare Bai Taɓa Ba

Tun kafin motar ta tsaya Shohista ta gane ta.

Farar motar nan ce mai tsagaggen madubin gefe, wadda saurayinta Bahrom yake kai bandiran siliki kasuwar Margilan da ita. Shohista tana tsaye a ƙofar zauren jarrabawa, farar rigar aiki a jikinta, akwatin kayan kwalliya a hannu.

Ya zo!

Ashe dai ya huce...

Sai ƙofar gaba ta buɗe, wani siririn takalmi mai tsini ya taka ƙasa.

Gulnoza ce, 'yar ƙanwar mahaifiyar Bahrom. Kuma a kujerar gaba! Kujerar da Shohista ba ta taɓa zama a kai ba, don Bahrom ya sha gaya mata, "Na ajiye miki ita har ranar da kika zama tawa, hasken idona."

"Shohista, ƙawata!" Gulnoza ta taho tana yauƙi. "Barka da arziki! Na ji yayarki da za ta zauna miki a kujerar jarrabawa ta haihu da asuba. Sai na ce wayyo, wa za ki yi wa kwalliya a gaban masu jarrabawa? Nan take na kira malamarku, na ce ga ni."

"Na gode," in ji Shohista, da ƙyar.

"Ba komai. Ai dama lokacin ya yi." Ta ɗaga yatsa ta shafa girarta, baƙa wuluk, mai kauri, haɗe a tsakiya saboda ruwan ganyen usma da ake shafa mata tun tana goye. "Zare bai taɓa taɓa ta ba. Ke za ki fara buɗe min fuska."

Akwatin ya kusa suɓucewa daga hannun Shohista.

A garin nan ko yarinya ƙarama ta san ma'anar wannan magana. Budurwa ba ta tsinke gira. Sai iyaye sun zauna, an karya gurasar baiko a gaban manya, biki ya matso, sannan a sa mata zare a fuska. Duk wadda aka gani da gyararriyar gira, to an yi mata miji.

Shohista ta dubi motar.

Bahrom yana zaune a bayan sitiyari, ya kafe gabansa da ido, ko waiwaye bai yi ba.

Maganar gira ce dai ta raba su.

Tun farkon karatun kwalliyar nan suka yi alkawari: ranar da ta karɓi lasisinta, zai turo manya gidansu. Mahaifiyarsa, Salomat, ba ta so ba tun farko. Ta ce me za ta yi da suruka mai wuni tana shafa fuskokin matan mutane? Bahrom ya yi ta lallashi har ta fara sassautowa.

Sai ga tsautsayi. Wata rana malamarsu ta fita, wata abokiyar karatu ta zauna tana kuka, ta rasa wadda za ta koyi zare a fuskarta. Shohista ta ji tausayi, ta ce, "Zo ki gwada a tawa, kaɗan dai." Kaɗan ɗin nan sai da ya zagaye unguwa kafin la'asar. Gulnoza ce ta fara gani a layin sayen gurasa, ita ta kai labarin kunnen Salomat, da ƙari.

Da yamma Bahrom ya tare ta a bakin hanya, idonsa ja.

"Wane ne shi?"

"Wa?"

"Wanda aka buɗe wa fuskar nan!"

Da ya tambaya a hankali, da ta yi masa bayani. Amma ya tambaya kamar mai tuhumar ɓarauniya, ita kuma ranta ya ɓaci, ta ce, "In ka yarda akwai shi, to akwai shi." Tun daga ranar ko sallama ba su sake yi ba.

Yanzu ga shi ya kawo wata a buɗe mata fuska. Kuma da hannunta ita!

Malamarsu, Rayhon, ta leƙo daga ciki. Mace ce mai sanyin murya, ba ta gaggawa a komai.

"Shohista, 'yata, an kira sunanki."

"Malama Rayhon..." in ji Shohista. "Ba zan iya ba."

Rayhon ta gyara mata wuyan riga, ta yi ƙasa da murya. "Ta ce min an yi mata baiko, shi ya sa na amince. Ban san ko da wa ba sai yanzu da na ga motar. Ki yi haƙuri. Amma in kika juya yau, sai wata shekara. Wanke hannu, ki yi bismilla, ki bi komai daki-daki yadda na koya miki. Kukan kya yi shi a gida."

Zauren yana da madubai jere, kowane da kujerarsa. Masu jarrabawa suna zaune a gefe, shugabarsu wata mata mai tabarau da ba ta murmushi. Aikin a bayyane yake: gyaran gira da zare, sannan gashi, sannan cikakkiyar kwalliyar amarya.

Shohista ta wanke hannu. Ta ɗaura wa Gulnoza farin ƙyalle a wuya. Ta goge mata fuska, ta barbaɗa hoda a kan girar. Ta yanko zare, ta kama bakinsa da haƙori, ta murɗa shi a yatsunta.

Gulnoza ta lumshe ido tana murmushi.

"Ki yi ta siririya," ta raɗa. "Yaya Bahrom ya fi son siririya."

Shohista ta ƙara murɗa zaren.

Shohista ta san girar nan. Ta san inda in ta ja da gangan sau ɗaya, wutsiyar girar za ta tafi, amarya ta shiga ɗakin miji da fuska a karkace. Ja ɗaya kawai! Wa zai ce ba kuskuren ɗaliba ba ne?

Astagfirullah...

"A hanya har waƙa ya sa min," Gulnoza ta ci gaba. "Kin san kujerar gaban nan akwai laushi?"

Shohista ta sunkuya. Zaren ya kusa taɓa fata. A nan ne ta lura da wuyan Gulnoza: wata jijiya tana bugawa da sauri, hannuwanta kuma sun damƙe hannun kujera har yatsun sun yi fari. Amaren da ta gani suna zama a kujerar nan kunya suke ji, wasu su yi dariya, wasu su yi hawaye. Wannan kuwa tsoro take ji.

Sai ta tuna ƙa'idar da Rayhon ta kafa musu tun bayan abin da ya same ta, ita Shohista: kafin zare ya taɓa girar budurwa, a tambayi gurasarta.

Ta saki zaren daga haƙorinta.

"Gulnoza, yaushe aka karya gurasar?"

"Ina ruwanki? Yi aikinki."

"Aikina ne. Wa ya karya? A gidan wa?"

Gulnoza ta kau da kai.

"Wa ya karya, Gulnoza?"

"Za a karya!" Ta buɗe ido, muryarta ƙasa-ƙasa amma da zafi. "Da zarar na fito daga motarsa da buɗaɗɗiyar fuska, duk unguwa ta gani, dole a karya. Inna Salomat ba za ta bari a yi da 'yar ƙanwarta a bakin duniya ba. Ke kuma ki samu takardarki, ki huta. Kowa ya ci riba. Ja zaren!"

Shohista ta tsaya cak.

Ashe babu baiko!

Wani sanyi ya ratsa ta, sai kuma wani sabon zafi ya biyo baya. In ta ja zaren nan, lasisi ya zama nata, Bahrom kuma ta miƙa shi da hannunta. In ta ajiye, wahalar shekara guda ta tafi a banza: tsayuwar yini, kan 'yar tsana da ta yi wa kitso har gashinsa ya zube, zoben da mahaifiyarta ta sayar don ta saya mata akwatin nan.

"Ɗaliba," in ji mai tabarau, "agogo yana tafiya."

Shohista ta ajiye zaren a kan tebur.

"Ku gafarce ni. Ba zan buɗe fuskar da ba a karya wa gurasa ba."

"Wannan zauren jarrabawa ne, ba gidan biki ba. In babu wadda za ki yi wa aiki, babu jarrabawa. Ki nemo wata kafin lokacinki ya ƙare, ko ki tattara kayanki."

Gulnoza ta fizge ƙyallen daga wuyanta ta yi waje. Shohista ta bi bayanta, ko ganin gabanta ba ta yi sosai.

A bakin ƙofa ta ci karo da Bahrom. Ya fito daga mota, kusa da shi kuma ga Salomat, ta dawo daga kasuwa inda ya ajiye ta, da gurasa biyu masu zafi naɗe a ƙyalle.

"Har an gama gashin?" in ji Salomat. "Ke Gulnoza, mene ne wannan farin a girarki?"

"Gashi?" Shohista ta juya ga Bahrom, duk abin da ta haɗiye ya taso. "Gashi ta ce maka? To barka, Yaya Bahrom! Amaryarka ka kawo a buɗe mata fuska. Siririya ka fi so, ko? Har da waƙa a hanya!"

"Wace amarya? Wace waƙa? Rediyon motar nan tun bara ya mutu!"

"Kujerar fa? Ita ma ta mutu?"

Ya daburce. "Mama ce ta ce ƙafarta na ciwo, ta fi son baya... Shohista, wallahi..."

"Ni ka tsare ni a titi kana tambaya wane ne shi. To ni yau na ga tawa da idona, da takalminta mai tsini!"

"Na yi kuskure, rabin raina. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Yau ma don in hango ki na yarda na kawo ta."

"Shi ya sa ko waiwayowa ba ka yi ba?"

"Ta madubi nake kallonki. Tsagaggen."

"Ku yi min shiru!" Salomat ta daka tsawa. Ba su take kallo ba. Hodar da ke girar Gulnoza take kallo, kuma mace ce da ba sai an yi mata dogon bayani ba. "Ke! Da ni za ki yi wa tarko? Da sunan ƙanwata za ki yi wasa a unguwa?"

Gulnoza ta fashe da kuka. "Tun muna yara nake sonsa, Inna..."

"So ba hauka ba ne. Shiga mota. Baya!"

Rayhon ta fito, ta gaida Salomat hannu a ƙirji, ta yi magana a natse kamar tana cikin aji. Ta faɗi yadda aka yi girar Shohista ta taɓu, da sunan yarinyar da ta koya a kanta. Sannan ta ce, "Yanzu kuma ta ajiye zare a gaban masu jarrabawa. Shekara guda ta ajiye, Yaya Salomat. Da ta ja, da yanzu kina da surukar da ba ki zaɓa ba."

Salomat ta dubi Shohista tun daga sama har ƙasa.

"Don Allah kika yi, ko don kishi?"

Shohista ta sunkuyar da kai. "Kishin ya fi yawa, Inna."

Bakin Salomat ya motsa kaɗan, kamar dariya na neman hanya.

"Gara da kika faɗi gaskiya. Me ake bukata a ciki?"

"Mace... wadda za a yi wa gira da kwalliyar amarya."

"Riƙe min nan." Ta danƙa wa Bahrom gurasar. "Ni dai an karya min tawa tun kafin a haife ku. Mu je. Amma in kika mai da ni kamar aljana, ko lasisi goma kika samu ba za ki taka gidana ba."

Shohista ta sake wanke hannu. Ta yi bismilla. Ta kama zare da haƙori.

Ta fara ja.

"Wash! A hankali, 'yar nan!"

"Yi haƙuri, Inna, saura kaɗan."

"Haka tsohuwar da ta yi min na farko ta ce, har na suma."

Har mai tabarau sai da ta rufe baki da takarda.

Shohista ta bi komai daki-daki. Ta gyara girar ba tare da ta siranta ta ba, ta naɗe furfurar ta kafa mata ƙananan furanni, ta bi fatar da sauƙin hannu, ba ta cika hoda a inda shekaru suka yi layi ba. Da ta juya kujerar ga madubi, Salomat ta ƙura wa fuskarta ido. Ta ɗaga hannu ta taɓa kuncinta.

"Da baban Bahrom yana raye..." Ta share gefen ido da sauri. "Kar ki bari in ɓata miki aiki."

Mai tabarau ta zagaya ta duba dama da hagu, ta sa hannu a takarda.

"Kin ci. Lasisinki zai fito."

A waje Bahrom yana tsaye da gurasa a hannu kamar wanda aka ba jariri. Da ya ga mahaifiyarsa sai ya saki baki.

"Mama?!"

"Rufe bakin, ƙuda zai shiga." Ta juya ga Shohista. "Ki gaya wa mamanki ta dafa shayi ranar Alhamis. Za mu zo barkar haihuwa... da wata magana."

Bahrom ya yi wuf ya buɗe ƙofar gaba, yana kallon Shohista, idonsa cike da roƙo.

"Zo mu sauke ki, hasken idona."

Shohista ta dubi kujerar. Har yanzu ƙanshin turaren Gulnoza yana kanta.

"Sai ka wanke ta tukuna."

"Ko ya wanke ba yau ba," in ji Salomat. Ta karɓi gurasar daga hannun ɗanta, ta ɗora ta a kan kujerar gaba, ta gyara mata ƙyalle, ta rufe ƙofar da kanta.

"Wurin nan na gurasa ne har ranar Alhamis. Bayan an karya ta, mai wuri ta zo ta zauna."