Wushiryar Uwaliya

Wata biyu da tarewa, Ja'afaru bai taɓa ganin amaryarsa Uwaliya tana cin abinci ba. Duk ƙauyen Taba yabon kunyarta ake yi, har Innarsa takan ce irin wannan tarbiyya sai 'yar malamai.

Ran nan ya dawo daga fadama da rake, ya fere mata gaɓa guda, ya rantse ba zai fita ba sai ta sha a gabansa. Ta kai baki... haƙoran suka ƙi rabuwa. Ko ɗan yatsa ba zai shiga ba.

Tana kuka, ta tsakanin haƙora ta gaya masa komai. Tun tana ƙarama gaɓoɓinta ke kumbura, bana ciwon ya kama muƙamuƙi. Koko take tsotsa ta wushiryar nan da yake yabo, tuwon kuwa kaji take zuba wa. Tsoronta kada a mayar da ita gidansu.

Abin da Inna ta ce a yi ke nan, tunda an ɓoye musu. Ja'afaru ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Ki gafarce ni, Inna. Zariya zan kai ta."

A asibiti likita ya ce jikinta ne da kansa ke yaƙar gaɓoɓinta, ciwon da ba kasafai ake gani ba. Sai an tsaga gefen kunne an raba ƙashin da ya manne. Bai yi alkawarin za ta farka ba.

Da aka zo tura ta ɗakin tiyata, ta damƙe masa bakin riga.

"Malam... in mutuwa ta zo bakina a rufe, yaya zan yi shahada?"

"Ki yi a zuci, sanyin idona. Ni zan riƙa faɗa miki daga bakin ƙofa."

Tun hantsi yake faɗa har la'asar, muryarsa ta dishe. Sai ga wata nas ta leƙo ta ce ya rage murya, matarsa ta farka.

Bayan kwana goma bakin ya buɗe, yatsa biyu cif. A ranar ne Inna ta sauka daga motar Makarfi da kwanon fate a ka. Uwaliya ta ja mayafi ta juya wa bango fuska.

Inna ta juyo da ita, ta ɗebo fate a ludayi, idonta cike da ƙwalla.

"Sha a gabanmu, 'yar nan. Kunyar nan ta ishe mu haka."