Lambar da Ke Zuwa Wayar Wani

Ranar da Auta ta fara aiki a laburare, ta zauna gaban kwamfuta ta rubuta sunanta da kalmar sirri. Duk harkar aron littattafai a intanet take, in ba a shiga shafin ba ko littafi ɗaya ba ya fita. Shafin ya ce ya tura lambar tabbaci zuwa waya. Ta duba tata, shiru. Ɗalibai sun yi layi, ita kuwa sai zufa take yi.

"Wayata take zuwa," in ji wani dogon saurayi da ke rungume da kwalin kayansa. Shi ne wanda aka sallama aka ɗauke ta a gurbinsa.

Kunya ta rufe ta. Ya karanto mata lambar, ya ce shugabar laburaren kaɗai ke iya canza wayar, ita kuma tana hutun haihuwa.

Tun daga nan kullum da safe sai ta roƙe shi. Ba ta da yadda za ta yi. Tun yana turo lambar tsirara, har ya fara haɗawa da magana:

"Ga lambarki, Sarauniyar Kantar Littattafai. Kin karya kuwa?"

"Ban karya ba, Dogo. Kai fa, ka samu aikin?"

"Tukuna. Amma na samu dalilin tashi da wuri."

Da maganarsu ta kai gida, Baba ya ce sam. "Mara aiki? Ga ɗan abokina mai kemis yana jira." Ya hana ta kiransa in ba don aiki ba.

A makon ne shugabar laburaren ta dawo ta canza wayar. Washegari lambar ta shigo wayar Auta. Shafin ya buɗe, ta zauna tana kallonsa, hawaye na zuba. Ba sauran hujjar kira.

Saƙonsa ya zo bayan kwanaki: "Na gane. Amfanina ya ƙare. Allah Ya ba ki mai kemis ɗin lafiya."

Ta rubuta amsa, ta goge, ta kifa kai a tebur.

Gwaggonta ce ta ga yarinya tana ramewa, ta tari ƙanenta, wato Baba. "An karɓe aikinsa an ba 'yarka. Da ya kashe waya sau ɗaya, da tuni an kore ta. Bai yi ba. Irin wannan kake mayarwa?"

 Daga baya Baba ya aika a kira Dogo. Ashe Dogo ya fara aiki a wani shagon littattafai.

Ranar ɗaurin aure Baba ya kama hannun Dogo ya ce, "Ba ta iya faɗin abin da ke ranta ba, sai kuka. In ka ga ta yi shiru, ka tambaye ta. Allah Ya yi muku albarka, Ya zaunar da ku lafiya."

Daga bayan labule Auta ta amsa da amin.