Soson Luba

"Mi ka wanke ƙwaryar nan da shi, Gado? Wari take kamar rua ya kwana cikin tsumma!"

Goggo, mahaifiyarsa, ta ture kunun gefe. Idanunta sun daɗe da mutuwa, amma hancinta bai taɓa yi mata ƙarya ba.

Gado ya ɗauko soson da matarsa Luba ta bari a bakin randa. Ya yi baƙi, ya yi yauƙi, shi kansa sai da ya kau da fuska.

Wata bakwai ke nan da Luba ta bar Jiga Birni. Ba faɗa suka yi ba. Nasara ne suka kwashi samari ɗaukar kaya zuwa yaƙin Jamus, har da wanta Arzika, ga mahaifinsu a Maiyama ɓarin jikinsa ya shanye, ba mai ko miƙa masa ruwa. Ta tafi jinya tana kuka. Tun ranar gidan ya yi wa Gado faɗi, shi ke daka, shi ke girki, ya ci tuwonsa shi kaɗai yana kallon turminta.

"Ka sawwaƙe wa ɗiyar mutane, ka auro wadda za ta zauna," in ji Goggo. "Ko sai ƙazanta ta kashe ni?"

Washegari ya roƙi maƙwabciya ta kula da Goggo, ya ƙulle soson a ganye, ya kama hanyar Maiyama da ƙafa.

Luba na shanya a tsakar gida ta ji sallamarsa. Zanen da ke hannunta ya faɗi.

"Maigida! Lahiya? Goggo ce?"

"Lahiya lau take." Ya kwance ganyen. "Wannan ya kawo ni."

Ta dubi soson, ta dube shi. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Dariya ta so yi, sai hawaye suka riga ta.

"Cikin rua kake bari nai ya kwana, ko?"

"Awo."

Ta ja shi gindin murhu. Ta cuɗa soson da toka, ta jefa shi a tafasasshen ruwan tsamiya, ta ɗauraye, ta matse, sannan ta rataye shi a kan danga.

"Rana ce maganinsa. In ka gama wanki ka fid da ɓarɓashin tuwo, ka rataye shi. Kada ya taɓa ƙasa..." Ta juyo ta dube shi. "Maigida, na san abin da Goggo ke faɗi, kuma gaskiya gare ta. Ba ni iya barin Baba. Ka sake ni, ka samo mai riƙe maka gida."

"Luba!"

"Na yahe maka, wallahi na yahe..."

"Ke kina zaton soso ya gagare ni saye a kasuwar Jega?" Ya kama bakin mayafinta. "Hasken idona, na zo ki koya mini ne don kada in buƙaci hannun kowa. Yau soso, jibi ki koya mini miya. Zan riƙe tsohuwata, ki riƙe tsohonki."

"In Arzika bai dawo ba fa?"

"Sai mu tsufa ina tahowa Maiyama."

Daga ɗaki tsohon ya kira sunanta da murya mai rauni. Ta share fuska ta ruga, ko sallama ba su yi ba. Gado ya juya gida shi kaɗai, ta cikin gonakin albasa.

Damina biyu ya yi yana wannan zirga-zirga, kowace Laraba. Arzika bai dawo ba. Tsohon ya cika a hannun 'yarsa da kaka, Gado ne ya haƙa kabarin.

Bayan sadakar arba'in Luba ta shigo Jiga Birni da ɗan ƙullin kayanta, ta durƙusa gaban surukarta. Goggo ta lalubo fuskarta, ta daɗe tana shafawa.

"Ɗiyata... ni na ce ya sake ki. Ya ƙi ni, karon farko tun da na haihe shi." Ta fashe da kuka. "Allah ya yi mai albarka da ya ƙi."