Ɓarawon da Ya Ƙi Bin Ƙofa

Bari in faɗi laifina tun da wuri: ban taɓa kallon fim har ƙarshe ba. Da an gama jera sunaye barci ke kwashe ni. To wannan labarin daidai ni ne, don fim ɗin da ya jawo shi bai wuce farkonsa ba, farkon ma a takarda.

A shekarar 1998, ran wata Juma'a bayan la'asar, Alhaji Hamma mai albasa ya shiga caji ofis a Aliero riƙe da wuyan rigar Khalil, ɗan ƙanwarsa. Ya ce an ɗauke masa injin ban ruwa daga garkar bayan gida, wato lambunsa, lokacin da kowa ke masallaci. Ya wurga wani littafi a teburin Sufeto Alu.

"Ga shaida nan, yallaɓai. Da hannunai yaz zana yadda za shi sace shi."

Sufeto Alu ya buɗe. Kowane shafi akwatuna huɗu ne, a kowane akwati ga wani mutum mai ƙafafu kamar tsinken tsintsiya yana laɓaɓawa wajen inji.

"Kai, mine ne wanga?"

"Tsarin fim na, ranka shi daɗe," in ji Khalil. "Mu uku muke, ɗalibai. Malami ya ce sai mun zana mintuna biyun farko, hoto bayan hoto, kahin a ba mu aron kyamara. Kawu da bakinai yab ba mu garkar."

"Garka nib ba ku, ban ba ku inji ba!"

"Ina kake lokacin Juma'a?" in ji Sufeto.

"Masallaci."

"Wa al limamin da yay yi huɗuba?"

Khalil ya dubi silin. Ranar na'ibi ne ya yi, liman na fama da zazzaɓi, kuma duk wanda ya je ya sani, don na'ibin ba ya gajiya da magana.

Aka kai shi bayan kanta. DPO ya leƙo ya ce ran Litinin a kai shi kotu. Khalil ya ce in ya taka kotu makaranta ta kore shi ke nan, ana saura wata uku ya gama. DPO ya ce da ya tuna da haka kafin ya koyi zane.

Da safe Sufeto ya je garkar. Shekararsa goma sha tara a aiki, bai taɓa ganin sawun ɓarawo irin wannan ba. Ƙofar garkar ta kara ce, ko igiya babu, akuya ma ture ta take yi ta shiga. Amma sawun ya baro wajen inji, ya wuce ƙofar, ya zagaya rudun albasa, wato rumfar karan da ake jibge ta, ya tsaya cak a bakin rijiya, sannan ya nufi katangar baya wadda ta fi mutum tsawo. A saman katangar ga inda ƙasa ta gutsure.

Sufeto ya cire hula ya sosa kai. Ya sake buɗe littafin. A littafin, ɓarawo ta ƙofa ya fita.

Ya koma ofis ransa a ɓace.

"Ka yi mani ƙarya jiya. Yau ka gwada gaskiya mu gani."

"Ina bakin gulbin Jega, yallaɓai, ina duba inda rana ka faɗuwa kan ruwa da azahar. Kunya ta hana ni faɗi gaban Kawu."

"Ka bar Juma'a don kallon rana."

"Haske na, ranka shi daɗe."

"Wa ag gan ka?"

"Ba kowa. Kowa na masallaci."

Sufeto ya girgiza kai. Sannan ya tambayi zancen katanga. Khalil ya ce ai an cire wannan shafin tun ran Talata, sai dai a tambayi abokiyar aikinsu Umaima, ita ke riƙe da takardu.

Umaima a Maiyama take. Babur ɗin ofis ya mutu sau biyu a hanya, na biyun daidai Liba, inda wasu manoma suka tura shi suna tambayar ko ɓarawon a ƙafa yake, in haka ne ya riga ya kai Yauri.

Ya same ta a zauren gidansu da wani fayil mai kauri fiye da na shari'ar kisan kai. Ta ce kowane shafi da takardar kabon take zana shi, kofi uku, kowa ɗaya. In an canza shafi sai ta karɓe tsohon ta ƙona, don kada a ruɗe ranar ɗauka.

"Kin karɓe duka?"

"Duka, Baba."

"To ba ni labarin tsohon shafin."

Ta faɗa tiryan-tiryan. Ɓarawo ya ɗauki inji, ya zagaya rudu don kyamara ta ga albasa, ya tsaya bakin rijiya don a ga fuskarsa cikin ruwa, ya haura katanga.

"Ɗiyata, wani ya bi shahin ga taku bayan taku jiya. Ko toka ta yi ƙafa, ko kofi ɗaya bai shiga wuta ba."

Ta gyara mayafi. Ta ce na ukunsu, Muntari, ya ƙi ba da nasa. Shi ya ƙirƙiro haurin katangar, kuma shi ne zai fito a ɓarawo. Ran Talata suka yi awa uku suna gardama. Ita da Khalil suka ce ba mahalukin da zai haura wannan katangar da inji, masu kallo dariya za su yi. Muntari ya naɗe takardarsa ya fita bai yi sallama ba.

Ran Lahadi da hantsi Sufeto da wani kofur suka isa Jega, garin su Muntari. Sufeto ya tarar da shi ƙofar gidansu yana wanke keke, gwiwarsa ɗaya ɗaure da tsumma.

"Mi as samu ƙafa?"

"Keke yak kada ni."

"Ina takardarka ta fim?"

"Ta ɓace tun tuni."

Sufeto ya duba keken. Ko ƙwarzane babu. Ya zauna a kan dakali kamar mai hutawa, ya ce shi dai ya zo sallamar Muntari ne daga zargi.

"Na auna katangar nan. Aikin mutum biyu na, ko uku. Wanda duk yar rubuta mutum guda ya haura ta da inji, bai taɓa ɗaukar ko buhun gero ba. Abokanka sun yi gaskiya da sunka yage shahin. Shirme na."

Muntari ya ci gaba da wanke taya ɗaya har sau uku.

"Ko yaro ba shi yarda," in ji Sufeto.

"Goya shi aka yi!" Muntari ya miƙe, soson na zubar da ruwa. "Goyo, da zanen Inna, kamar jinjiri! Ka taka bakin rijiya, ka kama reshen darbejiya, shi ke nan. Ni kaɗai! Na ƙirga, bai kai minti guda ba!"

Sai ya ji abin da ya faɗa. Ya zauna a hankali.

Injin na ɗakinsa ƙarƙashin gado, har yanzu naɗe da zanen. Ya ce niyyarsa ya dire shi gabansu ran taro su ga idonsu. Da ya ji an kama Khalil sai tsoro ya kama shi, kullum yana cewa gobe.

"Kwana biyu abokinka na kwana da sauro."

"Na sani, yallaɓai." Ya miƙa hannu aka sa ankwa. Har sun kai bakin titi ya waiwayo. "Amma don Allah ka rubuta cikin rahoto cewa ta hauru."

Aka ɗora Muntari a tsakiya, kofur a baya rungume da inji, babur ɗin ya tashi a bugu na bakwai.

Da la'asar aka saki Khalil. Ya fito yana soshe-soshe, tambayarsa ta farko ita ce ko za a ba shi littafinsa. Alhaji Hamma ya zo ya sa hannu ya karɓi kayansa, bai dubi ɗan ƙanwarsa ba, ya ce da ma shi zuciyarsa ba ta kwanta da zargin ba.

Injin kuwa tun bara ya mutu. Alhaji tunkiya yake ɗaurewa a jikin injin.