Jirgin Cocin Matuƙa

Da hantsi Aurélien Guitton ya iso bakin kogin Vienne yana haki. An ce masa 'yan sanda sun tsare 'yarsa Solène, mai zagayawa da baƙi tsofaffin gine-ginen Chinon.

Ƙaramin jirgin katakon da matuƙan jirgin ruwa suka rataye a saman bangon cocinsu ne ya ɓace jiya da rana, kuma ita ke riƙe da makulli. In ba a gano shi ba, aikinta ya tafi, sunanta ma haka.

"Ranka ya daɗe, yarinyar nan ko biredin wani ba ta taɓa gutsura ba," in ji Aurélien.

"Zauna, Baba," Sufeto Brossard ya ce. Ya juya ga Solène. "Ina kika ajiye makullin?"

"A gidan abincin Madam Odile, kan ƙusa. Duk masu zagaya baƙi can muke rataye shi in za mu ci abinci."

Suka nufi can, Aurélien na biye da su kamar jela.

"Wa ya tashi daga tebur jiya da rana?" Sufeto ya tambaya.

Madam Odile ta murtuke fuska. "Fabrice mai sayar da tsofaffin kaya. Na ajiye masa kifi da zafinsa, ya bar shi ya huce. Tun da nake girki ba a taɓa yi min wannan wulaƙancin ba."

A shagonsa Fabrice ya yi murmushi. "Wani baƙo ne ya kira ni, na zo na buɗe masa."

"Kai ɗan Chinon, ka bar abinci ka buɗe shago da tsakar rana?" Sufeto ya ɗaga rigar da ke rataye bayan ƙofa. Kafaɗarta duk farin garin dutse, irin na matsattsiyar matakalar cocin. "Baƙon a kan bango ya jira ka?"

Fabrice ya jawo akwati daga ƙarƙashin tebur, ya buɗe. Ga jirgin a ciki.

"Wani ne daga Paris ya matsa min," ya ce a hankali.

Aka sa masa ankwa, aka fita da shi.

Aurélien ya kama hannun Sufeto da hannu biyu don godiya, ya ƙi saki.

"Baba, sake shi mana," in ji Solène tana share ido. "Baƙi na jirana a gada."