Abin da Bai Motsa Sikeli Ba

Na gaji da ba da wannan labarin. Amma duk lokacin da na ga wani yana cizon yatsa don maƙwabcinsa ya sayi mota, sai bakina ya ƙi rufuwa. Labarin mijin ƙanwata ne. Mai Sikeli ake ce masa, don sana'arsa sayen tsofaffin ƙarafa ce. Ni kuwa mai gyaran firij ne, rumfata tana jikin katangar filin da yake tara kaya, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin 'yan tsegumi na ji ba.

Mutumin kirki ne a wancan lokacin, ba zan ci haƙƙinsa ba. Yana cikin mawaƙan coci, da wata murya mai kauri da ke sa benci rawa. Aibinsa ɗaya ne, komai sai ya ɗaga ya jinjina. Ranar da aka haifi autarsa aka miƙa masa ita, kafin ya dubi fuskarta sai da ya jinjina ta a hannu, muka yi ta dariya. A wurinsa abin da ba shi da nauyi ba shi da farashi, abin da ba shi da farashi kuwa hira ce kawai.

Idan aka kawo masa mataccen firij, ƙusa yake sawa ya huda bututun baya. Iskar ciki ta fita da wani siririn huci, shi kuma ya farke injin ya zare jan waya. Wata Lahadi fasto ya yi wa'azi a kan rai. Ya ce Allah ya gina mutum da ƙasa, ginin yana kwance ba motsi har sai da ya hura masa numfashinsa a hanci, kuma wannan abin da aka hura ba ya ruɓewa a kabari. Ya ce ko duniya duka aka tara wa mutum ba ta kai musanyarsa ba. A hanyar gida Mai Sikeli ya zungure ni.

"Yaya, wannan ran da ake ta zuzutawa, ai kamar iskar firij ne. Idan ta fita, ƙarfen bai ragu da komai ba."

Na ce masa firij ɗin da ba iska ai ya zama akwati. Ya ce akwatin ma ana saye. Na ɗauka wasa ne, na bar maganar.

Shekaru suka yi ta tafiya yana wuri ɗaya. Hannuwansa duk tabon yanka, bayansa ya fara ciwo, ga wani da ya koyi sana'ar a hannunsa ya sayi manyan motoci yana wucewa yana danna masa oda. Wannan odar ita ta ci shi. Wani direba ne ya yi masa kwatancen boka. Abin da ya faru a can daga bakinsa na ji, bayan jin ya daina amfani.

Da tsakar rana ya je, wani ɗaki ne a bayan tsohon gidan niƙa da aka daina aiki. Ba taga. Warin ƙonannen gashi da na tsohon mai ya cika wurin. An rataye ƙahoni da busassun fatu a jikin bango, amma abin da ya ja idonsa tuluna ne ƙanana na ƙasa, jere a kan katako tun daga ƙasa har rufi, kowanne an toshe bakinsa da kaki an ɗaure wuyansa da jan zare. Bokan ba irin wanda ya zata ba ne. Mutum ne tsaf-tsaf, yana zaune yana yankan farce. A tsakar ɗakin kuwa ga sikeli, irin nasa sak.

Mai Sikeli ɗan kasuwa ne, bai zauna ba sai da ya gindaya sharaɗi. Ya ce ba ya son jini, kuma kada a taɓa masa iyali.

"Wa ya yi maka zancen jini?" in ji bokan, ko kai bai ɗago ba. "Ga tulu can babu komai a ciki. Ka ce ka ba da ranka da yardarka, ka hura a ciki, ka tafi gida."

"Idan na hura, mutuwa zan yi?"

"Hau sikeli ka gani."

Ya hau, ya ƙura wa allurar ido. Ya faɗi abin da aka ce ya faɗa, ya kafa baki ya hura har ƙirjinsa ya yi zafi. Allura ba ta motsa ba. Da yake ya san duk ha'incin da ake yi da sikeli, sai ya sauka ya kifa shi ya duba ƙasansa, ya taɓa kowane ƙarfe. Lafiyarsa lau.

"To me na ɗauka maka?" in ji bokan, yana narka kaki a kan bakin tulun.

Ya fito yana jin ya yi cinikin da bai taɓa yin irinsa ba. Yana bakin ƙofa bokan ya ce masa tulun ƙasa ba ya rasa yoyo, amma kada ya damu, idan ya yi ƙasa shi zai ciko kansa. Mutumin da ke kwance inji don ya ga abin da ke ciki, bai tambaya daga ina za a ciko ba.

Arziki ya zo kamar an fasa madatsar ruwa. Wata masana'anta ta rufe, aka sayar masa da injinan a farashin shara. Duk tarin da ya taɓa sai a sami jan waya a ƙarƙashi. Ya sayi motoci, ya gina bene, ƙanwata ta daina wanki da hannu. Ba zan yi ƙarya ba, ni ma na ci arzikin, ya sake mini rufin rumfa. Sai dai ya bar waƙa. Muryar tana nan, amma ya ce idan ya buɗe baki ji yake kamar yana tauna takarda. Abinci ya daina yi masa ɗanɗano. Idan aka yi abin dariya sai ya dubi fuskokinmu tukuna, sannan ya buɗe haƙora.

Ƙaninsa ne ya fara tafiya, wanda ke tuƙa masa babbar mota. Saurayi ƙaƙƙarfa, ya zauna a inuwar mota ya huta bayan lodi, aka zo tashinsa aka tarar babu rai. Likitoci suka duba ba su ga komai ba. Muka ce ikon Allah, muka yi haƙuri.

Sai auta. Uwarta tana taje mata kai a tsakar gida, yarinyar tana ta surutun makaranta, sai ta kwantar da kai a gwiwar uwar ta yi shiru. Ƙanwata ta ɗauka barci ne, ta ci gaba da taza. Daga baya ta ce ta ji wani siririn huci ya wuce ta gefen kunnenta. A bakin kabari kowa na kuka, uban yana tsaye ido a bushe yana kallon akwatin. Mutane suka ce dauriya ce ta namiji. Shi ya gaya mini daga baya cewa hannayen akwatin yake kallo, yana tunanin ko wane irin ƙarfe ne. Ya ce ya nemi baƙin ciki a cikinsa ko'ina bai samu ba.

Daga nan ƙanwata ta taɓu. Ta bi gidan tana cusa tsumma a ƙasan ƙofofi da ramin makulli. Ta hana ɗan da ya rage mata barci, kowane lokaci yatsanta na ƙasan hancinsa. Da ta fara tare 'ya'yan mutane a titi tana toshe musu baki, sai na ɗauko ta na kawo gidana, yaron kuma muka tura shi wurin dangi can nesa. Har yau tana ɗakin baya. Matata ce ke yi mata wanka.

Mai Sikeli ya koma wurin bokan da makullan motoci da na gida, ya zube su a gabansa, ya ce a ba shi tulunsa. Bokan ya ce ai dukiyar ma tasa ce, ya tambaye shi ko ya taɓa ganin an sayi kayan mutum da kayan mutumin. Bayan haka dukiyar ta zube kamar yadda ta zo: gobara a fili, mota a rami, abokan ciniki suka watse. Ranar da ya zo rumfata ya zauna a kan wani mataccen firij ya kwashe labarin nan duka ya faɗa mini, da ƙyar na gane shi don rama.

Na rufe rumfa na ja shi wurin fasto. Tsohon ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba. Sannan ya ce masa boka maƙaryaci ne, abin da Allah ya hura ba ya shiga tulu. Rai na wanda ya yi shi ne, ba na mai ɗauke da shi ba, balle a sayar. Abin da ya miƙa a ɗakin nan yardarsa ce, kuma muddin yana numfashi yana iya janye ta. Ya ce an riga an biya fansar ransa a kan gicciye, da abin da ya fi duk tulunan duniya tsada. Ya ce masa ya durƙusa ya tuba ya karɓa.

A karo na farko cikin shekaru na ga wani abu ya motsa a fuskar Mai Sikeli. Ya tambaya me zai kawo.

"Ba komai, ɗana. Kyauta ce."

Mai Sikeli ya girgiza kai.

"Baba fasto, a sana'armu idan aka kawo maka kaya mai kyau aka ce kyauta, na sata ne. Ƙarshensa a zo a ƙwace, a tafi da kai. Ni ban taɓa riƙe abin da ban biya ba. Bari in yi aiki in tara, in dawo in biya da hannuna."

Fasto ya riƙe masa hannu yana roƙo. Ni har na durƙusa masa, ni da yake kira yaya. Ya zare hannunsa a hankali, ya yi mana godiya kamar baƙo, ya fita.

Ya samo baro, ya koma bin lunguna yana tsintar gwangwani. Duk lokacin da na tare shi sai ya ce saura kaɗan. Wata ranar aiki, da hantsi, aka aiko mini cewa ya faɗi ya mutu a bakin titi, hannunsa na riƙe da baron. A wurin jana'iza fasto ya ce Allah kaɗai ya san abin da ya wuce tsakaninsa da bawansa a numfashin ƙarshe. Da wannan nake rarrashin kaina, wasu ranakun yana yi, wasu ba ya yi.

To kai mai ƙorafin cewa kowa ya wuce ka, ji da kyau, don ba ni da ƙarfin maimaitawa. Abin da ke cikin ƙirjinka ba naka ba ne, kuma zai daɗe bayan motar maƙwabcinka ta zama tsatsa. Kada kwaɗayi ya kai ka inda za a yi maka farashinsa. Idan kuma ka riga ka je, ka dawo yau, hannu wofi, a haka ake karɓar mutum. Mijin ƙanwata an buɗe masa ƙofa yana tsaye a bakinta, ya juya ya tafi neman abin biya.