Auta da Ɗan Ofis

A zauren taron ma'aikatar muhalli Auta ta fara ganinsa. Ana jin ra'ayin jama'a kan dokar hana saran itace, maza sun cinye kujeru, ita da mata masu sayar da itace suna tsaye a bakin ƙofa. Wani matashin ma'aikaci ya ratso ya miƙa mata makirufo.

"Zafin nan mu ma yana cin mu," ta ce. "Amma wace mace aka yi shawara da ita? Da itace uwata take ciyar da mu."

Ya karɓi lambarta, wai don aiki. Aikin ya zama hira, har ta raɗa masa suna Ɗan Ofis.

"Autata, na sa a daftarin dokar a ba mata murhun gas da kujera a kwamiti. Muryarki ta hana ni sakat," ya rubuto.

Da maganar aure ta taso, Baba kuwa ya ce atafau. "Mai kashe sana'ar uwarki? Ba a gidana ba." Ya hana ta fita. Wani dillalin gawayi da ke son ta shi ya kawo labari cewa daftarin ya fito, babu mata a ciki.

Ta yini tsakanin ɗaki da madafa, tana kuka tana ɗora wa hayaƙi laifi. Kiran Ɗan Ofis ma ta daina ɗauka.

"Ogana ne ya cire. In na yi magana aikina ya tafi, in na yi shiru ke kin tafi. Ni ma a ɗaure nake," ya rubuto.

"To zaɓi ɗaya," ta mayar.

Ya yi maganar a gaban manya. Aka dawo da kujerun mata, murhun ya sha ruwa, shi kuma aka tura shi sito, ɗakin da ko taga babu.

Da Mama ta ji, ta sami Baba. "Malam, saboda mu aka jefa yaron nan sito. Ni da ake tausaya wa na yarda da shi."

Baba ya ce, "Ya turo magabatansa."

Ranar ɗaurin aure Baba ya dafa kan Auta. "Allah ya ba ku zaman lafiya. Kai kuma, ka riƙe min ita amana."

Ɗan Ofis ya sunkuyar da kai. Auta ta ce amin a hankali.